Cizakin kan tudu ya fi na bakin rafi antioksidan, ƙasa ce ta jawo ko me?

Ɗalibar Tsirrai: Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah ina neman a fahimtar dani wani abu. Aikin kammala karatuna a kan 'ya'yan cizaki ne, wato Carissa spinarum, wannan ɗan itacen dajin mai ƙaya da farin ruwa kamar madara, wanda 'ya'yansa ke yin ja sannan su koma baƙi in sun nuna sosai. Na tsinko daga wuri biyu, ɗaya kan tudu ne mai tsakuwa da marmara wanda ruwa baya tsayawa ko kaɗan, ɗayan kuma bakin rafi, baƙar ƙasa mai laka da danshi. Na kan tudun ƙanana ne baƙi wuluk ga bauri, na bakin rafin manya ne masu ruwa amma launin bai kai na waɗancan ba. Da muka auna a lab na tudun ya fi finolik nesa ba kusa ba, wato wani rukuni na antioksidan, sinadaran da ke kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa, haka ma a gwajin DPPH da ake auna ƙarfin antioksidan dashi. Ni har na rubuta cewa ƙasa mara ƙarfi ita ke sa 'ya'yan itace su tara antioksidan, sai malamin da ke duba aikina ya ja layi da jan biro ya rubuta "ta yaya kika sani?" bai ƙara komai ba. Yau kwana uku ina juya maganar nan a raina

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kika gani gaskiya ne kuma ba yau aka fara ganinsa ba. Duk wanda ya daɗe yana aiki da shuka ya san cewa wadda ta samu komai a wadace ganye take yi da tsawo, 'ya'yanta su cika da ruwa, wadda kuma ta sha wuya 'ya'yanta ƙanana ne amma ɗanɗano da launi sun fi kama su. Ki dubi masara in ƙasa ba fosfaras, gefen ganyen ƙaramar shukar zai koma ruwan hoda mai duhu zuwa shunayya, to wannan launin antosayanin ne, irin sinadarin da ke sa cizakinki yin baƙi. Ruwa baya tsami banza

Ɗalibar Tsirrai: Na gode Baba. To kenan in bar maganar yadda na rubuta?

Mai Binciken Ƙasa: A'a ƙanwata, kar ki barta tukuna. Baba bai faɗi ƙarya ba amma malaminki hannunka mai sanda yayi miki. Kafin mu shiga maganar ƙasa ki amsa min: itace nawa kika tsinka a kowane wuri, na tudun a fili yake rana na dukansa ko a inuwa, na bakin rafin akwai manyan bishiyoyi a kansa, kuma rana ɗaya kika tsinko duka?

Ɗalibar Tsirrai: Malam na tudun itace biyu ne, na rafin uku. Na tudun a fili suke fetal, na rafin kam suna ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Kuma tsakanin tsinkar akwai kamar sati ɗaya, na rafin na fara tsinkowa

Mai Binciken Ƙasa: To kin gani. Abubuwa huɗu ne suka bambanta a lokaci guda, ƙasa, hasken rana, nuna, da kuma asalin itacen kansa, ke kuma kin ɗora wa ɗaya daga ciki laifin duka. Zai iya yiwuwa ƙasar ce, ni aikina kenan kuma zan so ace ita ce, amma da wannan samfurin ba wanda zai iya rantsuwa

Ɗan Kemistiri: Bari in ɗan shigo da ɓangaren da ya goyi bayan Baba, dan kar a ga kamar maganar tasa bata da tushe, tana dashi sosai. Yawancin waɗannan sinadaran da muke kira antioksidan a 'ya'yan itace, antosayanin, filabonol irin su kwasetin, tanin mai sa bauri, duk daga hanya ɗaya suke fitowa kuma mafarinta wani amino asid ne mai suna fenilalanin. Shi wannan fenilalanin shuka na iya kai shi wuri biyu, ko ta gina furotin dashi ta yi girma, ko kuma wani enzayim da ake kira PAL ya cire masa ammoniya ya tura ragowar wajen yin finolik. Koukol da Conn ne suka gano enzayim ɗin a 1961. Abin sha'awar shine ammoniyar da aka cire shuka na maidota ta sake amfani da ita, su kuma finolik ɗin babu naitirojin a jikinsu sam, kabon ne da haidirojin da oksijin kawai. Saboda haka in ƙasa ta yi ƙarancin naitirojin amma rana na nan ganye na ci gaba da haɗa sukari, girma ya tsaya sukari ya taru ba inda za a kai shi, sai shukar ta juya shi zuwa irin waɗannan sinadaran. Bryant da Chapin da Klein sun tsara wannan tunanin a 1983, daga baya Herms da Mattson suka faɗaɗa shi a 1992

Tsohon Malamin Gona: Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Mu da ido muka gani, ku kun san sunan abin

Mai Binciken Ƙasa: Haka ne ɗan uwa, amma ka faɗa mata ɗayan rabin. Shi tsarin na Herms da Mattson cewa yayi a matsakaiciyar wahala ne sinadaran ke kai ƙololuwa, in wahalar ta yi tsanani har ganye ya kasa haɗa sukarin to komai ne ke faɗuwa, girman da finolik ɗin baki ɗaya. Itacen da ke bakin mutuwa a kan fako ba zai baki 'ya'ya masu albarka ba. Kuma mafi yawan inda tunanin ya fi aiki a ganye ne, a 'ya'ya abin baya tafiya salin alin haka

Ɗan Kemistiri: Na yarda Malam, ganye da 'ya'ya ba ɗaya bane

'Yar Lab: Ni tambayata ɗaya ce ƙanwata kuma ina jin a nan gizo ke saƙar. Sakamakon naki a kan ɗanyen nauyi kika lissafa ko busasshe?

Ɗalibar Tsirrai: Ɗanye Anti, giram 100 na ɗanyen 'ya'ya

'Yar Lab: Shikenan abin da nake tsoro. Kin ce na rafin manya ne masu ruwa, to ruwan nan ba antioksidan a cikinsa, nauyi kawai yake ƙarawa, kamar ki zuba cokali ɗaya na kala a kofi ki zuba wani cokali ɗaya a bokiti sannan kice na kofin ya fi kala, alhali cokali ɗaya ne duk. Sannan ga maganar ɓawo, a yawancin irin waɗannan 'ya'yan launin da tanin a ɓawo da ƙwallo suka fi taruwa, kuma in faɗin ɗan itace ya ragu da rabi to yawan ɓawonsa a kan kowane giram ninkawa yake sau biyu, lissafi ne kawai ba sai an je lab ba. Ki busar da wani kaso ki san ruwan da ke cikin kowanne, ki sake lissafin a kan busasshen nauyi, sannan ki lissafa na kowane ɗa guda ɗaya. In bambancin ya tsaya a duka ukun to kina da magana, in ya ɓace to girman ɗan ne ya canza ba aikin shukar ba

Ɗalibar Tsirrai: Innalillahi, wlh ban taɓa kawo wannan ba. Ina da ragowar a firiza

'Yar Lab: Alhamdulillah da kika ajiye. Wani abin kuma, in da sinadarin gwajin nan Folin-Ciocalteu kika auna finolik ɗin, wanda ake karanta launinsa a na'ura a nanomita 765, ki sani ba finolik kaɗai yake kamawa ba, bitamin C na sa shi yin shuɗi, wasu nau'in sukari ma haka in sun yi yawa. Tun 1927 aka haɗa shi kuma don auna amino asid a furotin ne, Singleton da Rossi suka maida shi na finolik a 1965. Yana da amfani amma kar ki ɗauke shi kamar ya ƙirga miki su ɗaya bayan ɗaya. Tunda 'ya'yanki baƙaƙe ne ki ƙara da gwajin antosayanin na pH biyu, wato ma'aunin tsami, 1.0 da 4.5, ana karantawa a nanomita 520 da 700, ba wuya kuma kayan aikin duk kuna dasu in har kun yi Folin

Mai Son Sani: Salam, ni ba ɗan kimiyya bane ina dai bin zaren ne. Ita ƙasa mai tsami ita ke sa 'ya'yan itace tsami? Kuma ita ke canza musu launi? Na taɓa jin akwai furen da ke zama shuɗi ko ja saboda ƙasa

Ɗan Kemistiri: Tambaya mai kyau. A'a yaya, tsamin ƙasa baya hawa cikin ɗan itace, shuka ita ke riƙe da pH ɗin cikin ƙwayoyinta da kanta, tsamin da kake ji a baki asid ne da ita ta haɗa, sitirik da malik. Furen da ka ji labari Hydrangea ne kuma gaskiya ne, a ƙasa mai tsami shuɗi yake a mara tsami ruwan hoda, amma dalilin shine a ƙasa mai tsami alminiyam na narkewa saiwa ta sha, ya hau har furen ya haɗu da antosayanin ɗin sai launin ya juya. Wato pH ɗin ƙasa kamar mai gadin ƙofa ne, shi ke cewa wane ma'adini zai shiga wane ba zai shiga ba

Mai Binciken Ƙasa: Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe game da pH. In ya sauka ƙasa da 5 alminiyam da manganis na narkewa da yawa har su cutar da saiwa, fosfaras kuma ya maƙale da ƙarfe da alminiyam shuka ta kasa samu ko da yana nan. In ya haura 7 da ɗori ƙarfe da zink ne ke ɓuya, sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Kowanne daga cikin waɗannan matsi ne a kan shuka, kuma shuka in ta shiga matsi wasu ɓaraguzan oksijin masu ƙona ƙwayoyin halitta na ƙaruwa a jikinta, su antioksidan ɗin da muke ta magana asalinsu garkuwarta ce ita, ba dan mu ta yi su ba. Amma abin da yake matsi ga wani itace gida ne ga wani. Bulubari misali, wani ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗɗa, mutane a Amurka sun daɗe suna cirowa daga daji suna dasawa a ƙasa mai kyau mai taki yana mutuwa, har sai da Frederick Coville na ma'aikatar gona ta ƙasar ya wallafa a 1910 cewa ƙasa mai tsami yake so. Shi da Elizabeth White a New Jersey suka fitar da amfanin farko na sayarwa a 1916. Yau ana nema masa pH 4.5 zuwa 5.5, saiwarsa bata da ƙananan gashin nan na shan ruwa, wani naman gwari ne ke zaune a cikinta yana ciro masa abinci daga ruɓaɓɓen ganye. To in ka ce "ƙasa mara kyau" sai a tambaye ka mara kyau ga wa

Tsohon Malamin Gona: Wannan kam haka yake. Amma Malam har yanzu ina kan bakana a kan taki, in aka cika wa itace naitirojin 'ya'yan lami suke yi, na gani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba

Mai Binciken Ƙasa: Ban musa ba Baba, a itatuwan lambu an sha ganin haka, yawan naitirojin na rage bitamin C da launi, sai dai wani kaso na dalilin shine ganye na yin yawa ya rufe 'ya'yan daga rana, kaga ƙasa ta yi aikinta amma ta hanyar inuwa. Ga kuma wani misali da ya sa nake taka tsantsan. Bilbari, Vaccinium myrtillus, ɗan uwan bulubari ne na daji a arewacin Turai, tsokarsa ma shunayya ce har ciki, antosayanin iri 15 ake samu a cikinsa. A Suwidin an zuba wa dajinsa takin naitirojin aka auna 'ya'yan, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna yanayi da bambancin shekara da shekara sun fi takin tasiri. An kuma ga cewa na can arewa sun fi na kudu antosayanin, a Finlan ma an ga haka, sannan da aka duba waɗanda aka kwaso daga wurare daban daban aka raine su a fili ɗaya bambancin bai gushe ba. Wato wani abin a jinin itacen yake, duk inda ka kai shi da halinsa zai tafi

Ɗalibar Tsirrai: To Malam kenan ƙasa bata da wani tasiri? Gaskiya jikina yayi sanyi, kamar aikin nawa duk ya rushe

Mai Binciken Ƙasa: Haba dai, bai rushe ba, yanzu ma ya fara zama aiki. Tana da tasiri, kuma in kin tambaye ni wanne ne ya fi ƙarfi a wuraren nan naki biyu zan ce ruwa ne kafin taki. Ƙasa mai tsakuwa da yashi bata riƙe ruwa, laka na riƙewa, saiwa in ta ji bushewa shuka na ƙara wani homon mai suna ABA kuma shi ɗin yana cikin masu kunna nunar 'ya'ya da yin launi. A inabi an yi wannan binciken sosai, in aka rage ban ruwa daidai gwargwado 'ya'yan na ƙanƙancewa kuma ƙwayoyin gadon da ke haɗa antosayanin na ƙara aiki, abu biyu ne a tare, shi yasa Anti tace ki lissafa ta hanya uku

Ɗan Kemistiri: Kuma kar a manta ba duk antioksidan ne ke bin hanya ɗaya ba, muna ta cewa antioksidan kamar abu guda ne. Bitamin C daga gulukos ake haɗa shi, hanyarsa daban, karotinoyid masu sa ruwan lemo da rawaya hanyarsu daban, bitamin E daban. Ƙasa ɗaya na iya ɗaga wani ta sauke wani. Dubi Hippophae, wani itace mai ƙaya da ke fitowa a tudun yashi da bakin kogi daga Turai har Sin da Himalaya, shi bai damu da talaucin ƙasa ba dan akwai bakteriya mai suna Frankia a saiwarsa da ke kamo masa naitirojin daga iska, duk wannan lissafin na ƙarancin naitirojin da na yi a sama bai cika hawa kansa ba, kuma bitamin C ɗinsa na Sin ya fi na Turai yawa sosai saboda asali

Mai Nazarin Abinci: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da nake so ƙanwarmu ta kiyaye a babin ƙarshe. Kar ki rubuta cewa wanda ya fi a DPPH ya fi amfani ga lafiyar mutum. DPPH a kwalba ake yinsa, shunayya ta koma rawaya, jikin mutum ba kwalba bane, antosayanin kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini yadda yake, sauran hanta da ƙwayoyin hanji ne ke farfasa shi zuwa wasu abubuwa. Ma'aikatar gona ta Amurka ta taɓa fitar da jadawalin ORAC, wani ma'aunin ƙarfin antioksidan na abinci, a 2007 ta sabunta a 2010, a 2012 ta cire shi daga shafinta gaba ɗaya saboda lambobin basa nuna abin da ke faruwa a jiki kuma 'yan kasuwa na amfani dasu wajen talla. 'Ya'yan itace na da amfani ba shakka, amma wannan lambar ba ita ce ma'aunin ba

Mai Son Sani: Dakta to in itace na wurin da ƙasar ta gurɓace fa, kamar gefen babban titi ko inda ake haƙar ma'adinai, tunda an ce matsi na ƙara antioksidan?

Mai Nazarin Abinci: Wannan ne ma abin da ya fi damuna da maganar "wahala na gyara 'ya'yan itace" in aka saketa ba linzami. Eh, kadmiyam da dalma na iya sa shuka ta ƙara finolik dan ta kare kanta, gwajinka ya nuna lamba mai kyau, amma gubar fa tana iya kasancewa a cikin ɗan ko a ƙurar da ke kan ɓawon. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 'ya'yan itatuwan daji da naman kaza na cikin abubuwan da suka fi daɗewa da siziyam 137, wata gubar nukiliya wadda sai an yi kusan shekara 30 rabinsa ke ƙarewa, kuma abin ya fi muni a ƙasar daji mai tsami mai yawan ruɓaɓɓen ganye da ƙarancin yumɓu da fotasiyam, dan yumɓu na riƙe shi ita kuma shuka in bata samu fotasiyam ba sai ta sha siziyam a madadinsa saboda sun yi kama. Irin ƙasar da bilbari ke so kenan sak

Mai Son Sani: Subhanallah. Na gode Dakta

Ɗalibar Tsirrai: Malam Mai Binciken Ƙasa dan Allah in zan koma in sake ɗauko samfuri me zan yi daidai? Wata biyar ya rage min kuma itatuwan na kan yin 'ya'ya

Mai Binciken Ƙasa: Ki nemi a ƙalla itace goma a kowane wuri, masu nisa da juna dan kar ya zama saiwa ɗaya ce ta tsiro wuri biyu, ki haɗa da na fili da na inuwa a duka wuraren in akwai, ko da na rafin sai kin bi gaɓar kin nemo inda bishiyoyi suka yi sarari. Ki tsinka rana ɗaya ko kwana biyu a jere, launi ɗaya, ki auna zaƙin da rifraktomita, na'urar auna sukari, dan ki tabbatar nunar ta zo ɗaya, ki sa a sanyi nan take dan bitamin C baya jira. Kar ki haɗa 'ya'yan a leda ɗaya, kowane itace da ledarsa da lambarsa, ƙasar ma haka, daga ƙarƙashin kowane itace ki ɗebo ta saman santimita 20 da ta 20 zuwa 40. A auna pH, kason yashi da laka, kabon, naitirojin, fosfaras da fotasiyam, kuma ki faɗa wa masu lab ɗin su duba pH kafin su zaɓi hanyar fosfaras, Bray ta ƙasa mai tsami ce Olsen ta mai kanwa kanwa, na sha ganin an yi amfani da ɗaya a madadin ɗayar sakamakon ya fito ba kan gado. Danshin ƙasa kuma ki auna fiye da sau ɗaya

Tsohon Malamin Gona: Ki ƙara da wannan 'yata, cizaki na son fitowa a kan suri, ki duba da kyau ko wasu daga cikin na tudun naki a kan tsohon suri suke. Gara na haƙo yumɓu daga can ƙasa, ƙasar suri ta kan fi ta kewayenta laka da kalsiyam, sai ki ga kin rubuta "ƙasa mara ƙarfi" alhali itacen na zaune kan wuri mafi ƙarfi a duk tudun

Mai Binciken Ƙasa: Baba wannan ta wuce ni wlh, kuma ita ce ma dama mafi kyau da take da ita. Itacen kan suri da wanda ke taku ashirin daga surin, rana ɗaya ruwan sama ɗaya zafi ɗaya, ƙasa ce ta bambanta. In ta samu irin wannan biyu biyun guda biyar ko shida ya fi mata kwatanta tudu da rafi

Ɗalibar Tsirrai: Ɗaya daga cikin biyun da na tsinka a kan wani ɗan tudun jar ƙasa mai tauri yake Baba, ban ma lura ko suri bane

'Yar Lab: Ki ɗauki hotonsa in kin koma. Kuma ki fara da na firizan tun yau, ki auna nauyi ki sa a oben ki riƙa aunawa har nauyin ya daina sauka, wannan kason na sanin ruwa ne kawai kar ki yi Folin dashi dan zafi ya riga ya taɓa shi

Ɗan Kemistiri: Saura maganar asalin itacen, wadda duk wannan ba zai raba ta da ƙasa ba sai an yanki reshe daga itace ɗaya an dasa a tukwane masu ƙasa daban daban an jira sun yi 'ya'ya

Mai Binciken Ƙasa: Wannan ba aikin wata biyar bane, ta rubuta shi a matsayin abin da ya rage a yi. Amma ba laifi ta yanko rassan tun yanzu ta sa su yi saiwa, wanda zai zo bayanta ya tarar dasu

Ɗalibar Tsirrai: In sha Allah zan yanko daga na kan jar ƙasar da ɗaya na bakin rafin. Na fito da na firizan yanzu, gobe da safe zan shiga lab. Anti in na samu kason ruwan zan turo miki lambobin ki duba min lissafin kafin in kai wa malamin

'Yar Lab: Turo, ki haɗa da yawan 'ya'yan da ke cikin kowane giram 100, ki ƙirga su kafin su narke su dame